Tambayoyi da Amsoshi kan Feɗe Waƙar Yaƙi ta Wilfred Owen

Ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare ta ƙauye a ƙasar Haɗejia, kuma duk shekarar da muka iso kan waƙar nan mai suna Dulce et Decorum Est, tambayoyin da ɗalibai suke yi mini kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan na amsa da Hausa, domin na lura cewa ɗalibin da ya fahimci waƙa da harshen da yake tunani da shi ya fi iya bayaninta da Ingilishi ranar jarrabawa. Kalmomin nazarin da na yi amfani da su, irin su jigo da salo da zubi da tsari da adon harshe, su ne dai waɗanda kuka saba ji a darasin Hausa.

Malam, wane ne ya rubuta waƙar, kuma a wane hali ya rubuta ta?

Wilfred Owen mutumin Ingila ne, an haife shi a 1893, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a fagen daga na Faransa yana ƙaramin hafsa. A 1917 aka dawo da shi gida saboda firgita da ruɗewar da ruwan harsasan igwa ya jawo masa, aka kwantar da shi a asibitin sojoji na Craiglockhart da ke Edinburgh. A can ya haɗu da Siegfried Sassoon, wani hafsa marubucin waƙa wanda ya ƙarfafa masa gwiwa, kuma a can ya fara tsara wannan waƙa a watan Oktoba na 1917. Bayan ya samu sauƙi ya koma fagen daga, aka kashe shi ran 4 ga Nuwamba 1918 yana da shekara 25, saura mako ɗaya cif a tsagaita wuta. Ba a buga waƙar ba sai a 1920, yana kabari.

Ku riƙe wannan da kyau, domin zai yi mana amfani a gaba: wanda ya rubuta waƙar ganau ne, kuma dukan ƙarfin waƙar ya ginu ne a kan bambancin da ke tsakanin ganau da jiyau.

Sunan waƙar ba Ingilishi ba ne. Me yake nufi?

Latin ne, harshen Rumawan da. Owen ya aro shi ne daga wani baiti na Horace, mawaƙin Rum da ya rasu shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma cikakkiyar ma'anar maganar ita ce abu ne mai daɗi da dacewa mutum ya mutu saboda ƙasarsa. Yaran makarantun Ingila na wancan zamani sun san maganar kamar yadda ku kuka san karin maganar da kuka taso kuna ji a gida. Wanda ya ga sunan zai zaci waƙar yabo zai karanta, sai a ƙarshen waƙar ya tarar an kira maganar tsohuwar ƙarya. Wannan shi ne gatse, kuma tun daga suna ya fara.

A taƙaice, me yake faruwa a cikinta?

Wasu sojoji suna komawa wurin hutu daga bakin daga, a gajiye tilis, suna jan ƙafa cikin taɓo. Kwatsam sai aka harbo musu iska mai guba. Kowa ya yi ta kokawar sanya takunkumin kariya, amma mutum ɗaya bai samu ya sa nasa a kan lokaci ba, mai ba da labarin kuwa yana kallonsa yana shaƙewa. Daga nan mutumin ya zame masa abin gani a mafarki kullum. A baitin ƙarshe sai ya juyo ga mai karatu ya ce da shi ma zai bi bayan amalanken da aka jefa mutumin a ciki, ya ga fuskarsa, ya ji ƙarar jinin da ke fitowa daga huhunsa, da ba zai ƙara zuga yara da waccan magana ba.

Da zan fara nazari, jigo zan fara nema ko salo?

Fara da karanta waƙar da babbar murya sau biyu ko uku, kafin ka nemi komai. Bayan haka ka faɗi jigon cikin jimla ɗaya, sannan duk dabarar da ka gano ka tambaye ta abin da ta ƙara wa jigon. Babban ciwon da nake gani a takardun ɗalibai shi ne jera sunaye: a ɗango na ɗaya akwai kamance, a na shida akwai siffantawa, shi ke nan an wuce. Wannan daidai yake da mutumin da aka tambaye shi yadda ake noman shinkafa, ya ce akwai fartanya, akwai lauje, akwai buhu, ya yi shiru. Sunan kayan aiki ya faɗa, aikin kansa bai taɓa shi ba.

To, wane aiki kamancen da ke farkon waƙar yake yi?

A nan nake so ku daɗe. Ɗango biyu na farko suna ɗauke da kamance biyu: sojojin sun tanƙware kamar tsofaffin mabarata da buhuna suka danne, suna tari kamar tsofaffin mata da suka ƙanjame. Ku tuna cewa waɗannan samari ne, da yawansu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma hoton soja da mutanen gida suka sani shi ne na matashi miƙaƙƙe mai kaki a goge. Owen ya ɗauki abubuwa uku da soja yake alfahari da su ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ƙuruciya da ya ce tsofaffi, ya cire martaba da ya ce mabarata, ya cire mazakuta da ya kwatanta su da tsofaffin mata.

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin wannan ita ce a ajiye shi kusa da kirarin jarumai da muka sani. Mai kirari yakan ɗauki mutum ya ɗaga shi sama da mutum, ya ce da shi zaki, ko giwa, ko bajimi, ko dutse. Kamancensa hawa yake yi. Kamancen Owen kuwa gangara yake yi, yana sauko da soja ƙasa da matsayin mutum mai lafiya. Dabarar ɗaya ce, alƙiblarta ce ta bambanta, kuma ɗalibin da ya rubuta wannan ya riga ya yi nazari.

Akwai wani kamance can ƙasa da yakan ba ɗaliban birni wahala, mu kuwa a nan ba ya ba mu. Ya ce jinin da ke fitowa daga bakin mutumin yana da ɗaci kamar tuƙa. Duk yaron da ya taɓa kiwo ya zauna kusa da saniya da yamma ya ga yadda take dawo da abin da ta haɗiya tana sake taunawa. Abin da ya kamata ya zauna a ciki ne yake dawowa baki. Haka jinin yake dawowa, haka kuma abin da mawaƙin ya gani yake dawo masa kowane dare yana sake taunarsa.

Mene ne bambancin kamance da siffantawa a waƙar nan?

Kamance yana da kalmar da ke haɗa abu biyu, wato kamar, ko tamkar, ko awa. Siffantawa ba ta da wannan gada, kai tsaye take cewa wannan shi ne wancan. Owen ya ce da yawa sun rasa takalmansu amma suka ci gaba da ɗingishi, jini ne takalminsu. Bai ce jinin ya yi kama da takalmi ba, ya sanya musu shi a ƙafa. Kalmar da ya zaɓa kuma a Ingilishi an fi amfani da ita ga dokin da aka buga wa ƙarfe a kofato, don haka a fakaice ya mai da su dabbobin ɗaukar kaya. Haka ma inda ya ce gajiya ta bugar da su, wato ta zame musu giya: siffantawa ce da ke nuna tangaɗi da gushewar hankali, har ba sa jin ƙarar harsasan da ke faɗuwa a bayansu.

Da ya ce dukansu sun gurgunce, dukansu sun makance, ba ƙarya ya yi ba?

Kambamawa ce, kuma kun san ta a maganarku ta yau da kullum, kamar mai cewa yunwa ta kashe shi alhali yana tsaye. Maimaita kalmar duka da ya yi ita ce abin lura, domin ta shafe bambancin da ke tsakanin mutum da mutum, ta mai da su taro ɗaya marar fuska, kafin a ware mutum ɗaya daga cikinsu a sa mu dube shi.

Malam, me ya sa ya ce mutumin yana nutsewa alhali babu ruwa a wurin?

Wannan ita ce zuciyar waƙar, kuma tana da tushe a zahiri kafin ta zama adon harshe. Sojojin Jamus sun fara amfani da iskar kulorin da yawa a fagen daga ran 22 ga Afrilu 1915 kusa da garin Ypres a ƙasar Beljiyam, daga baya ɓangarorin biyu duka suka riƙa amfani da iska mai guba iri-iri. Kulorin launinta kore-kore ne mai ratsin rawaya, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a ƙasa ta cika ramukan da sojoji suke fakewa. Idan ta shiga huhu sai ta ƙone shi, huhun ya riƙa tara ruwa har numfashi ya gagara. Mutum yakan nutse ne a cikin ruwan jikinsa yana kan tudu.

Mai ba da labarin yana kallo ne ta cikin gilashin takunkuminsa wanda ya yi hazo, ga koren haske mai kauri, shi ya sa ya ce kamar a ƙarƙashin koren teku yake ganinsa. Wannan shi ne hoto cikin bayani. Gilashin da kansa yana da aiki: shi ne ya raba wanda zai rayu da wanda zai mutu, yana gani amma ba ya iya miƙa hannu, domin in ya cire nasa takunkumin shi ma ya tafi.

A wata shekara da muka iso wannan wuri, wani ɗalibi ɗan gidan masunta wanda ba ya yawan magana a aji ya ɗaga hannu. Ya ce wanda ruwa yake ci ba ya iya ihu sosai, hannu kawai yake miƙowa yana cafkar iska, kuma duk wanda ya matso kusa shi zai rarumo ya danna ƙasa. Na ce ya duba baiti na uku. Ya duba ya ga cewa a mafarkin mawaƙin mutumin yana faɗo masa ne, yana kawo masa cafka. Mu da muke zaune a bakin kogi, muka san ambaliya da kifewar kwalekwale, muna da abin da za mu karanta wannan baiti da shi wanda ba a samu a littafin sharhi.

Yaya zubi da tsarinta yake, idan aka kwatanta da rubutacciyar waƙar Hausa?

Ɗango 28 ne, an kasa su baiti huɗu marasa daidaito: 8, 6, 2, sannan 12. A waƙar Hausa mun saba da ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, inda kowane baiti yake da yawan ɗango ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ga kuma babban amsa-amo guda da ke rufe kowane baiti. A nan amsa-amon tsallake yake yi, ɗango na ɗaya ya amsa na uku, na biyu ya amsa na huɗu, sannan a sauya amo. Karin ma ya bambanta. Namu na aruli ne, ana auna shi da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda aka gada daga Larabci, nasu kuwa da ƙarfin furuci ake auna shi, gaɓa goma a ɗango, biyar daga ciki ana danna su. Owen yana karya wannan kari da gangan. Baitin farko cike yake da waƙafi da tsayawa a tsakiyar ɗango, har mai karatu ya ji kansa yana jan ƙafa. Da aka zo ihun gargaɗin guba sai kalmomin suka gajarce, aka faɗi kalmar Gas sau biyu, aka rubuta ta biyun da manyan baƙaƙe, numfashin mai karatu ya sauya.

Baitin nan mai ɗango biyu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. An ware shi shi kaɗai, lokacin maganar ya tashi daga abin da ya wuce ya koma abin da ke faruwa yanzu, kuma kalmar nutsewa da ta rufe baiti na biyu ita ce ta sake rufe wannan. Maimakon a nemo mata wata kalma mai amo irin nata, sai aka bar ta ta amsa kanta. A ƙa'ida wannan rauni ne, amma a nan yana nuna tunanin da ya maƙale wuri ɗaya ya kasa gaba. Baitin ƙarshe kuwa, duk tsawonsa, jimla ɗaya ce ta sharaɗi wadda ma'anarta take gangarawa daga ɗango zuwa ɗango, ba ta ba ka wurin hutawa sai ka kai ga kalmar ƙarya.

Wa yake magana, kuma da wa yake yi?

Ku bi wakilin suna. A baitin farko mu ne, taron sojoji. A tsakiya ya koma ni, mutum ɗaya da abin da idonsa ya gani. A ƙarshe ya koma kai, har ya ce abokina. A rubutun farko Owen ya sadaukar da waƙar ga Jessie Pope, wata marubuciya da take buga waƙoƙin zuga samari su shiga soja a jaridu, daga baya ya cire sunan, don haka maganar ta hau kan duk wanda ya karanta. Abokina ɗin nan ba na zumunci ba ne, irin wanda mutum yake faɗa ne idan ransa ya ɓaci yana danne fushi. Ku lura kuma da wakilin sunan da ya yi amfani da shi wajen amalanke: mu ne muka jefa shi ciki. Jefawa ya ce, ba kwantarwa ba, kuma bai cire kansa daga cikin masu jefawar ba.

Akwai dabarun sauti a cikinta?

Akwai maimaita baƙi a farkon kalmomi, kamar inda ake bayanin fararen idanun mutumin suna juyawa, amma wadda ta fi taɓa ni ita ce kalmar da ya zaɓa wa ƙarar jini a maƙogwaro. Kalma ce da Turawa suke amfani da ita ga mai kurkure maƙogwaro da ruwa, kuma amonta kusan ɗaya ne da kalmarmu ta gargara, wadda muka aro daga Larabci, inda take nufin kurkurar maƙogwaro da kuma kakarin fitar rai. Idan na karanta ɗangon na ce musu gargara ce, ba na bukatar ƙarin bayani, domin kusan kowa a ajin ya taɓa jin manya suna cewa wane yana gargara.

Malam, mu da muke alfahari da waɗanda suka tsaya suka mutu a Haɗejia a 1906, waƙar nan ba tana zagin irinsu ba ne? Ba tsoro take koyarwa ba?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na son a amsa ta da gaggawa. A watan Afrilu na 1906 sojojin Turawan Ingila suka auka wa Haɗejia, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'arsa da dama, har yau kuma Mai Shahada ake ce masa. Adabinmu ma yana da waƙoƙin yaƙi na murna da yabo: Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi waƙa kan nasarar Tabkin Kwatto ta 1804, Sa'adu Zungur kuma ya yi wa sojojinmu waƙar maraba bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗalibin da ya taso da wannan yana da haƙƙin ya ji wani iri idan aka ce masa mutuwa don ƙasa tsohuwar ƙarya ce.

Abin da nake roƙo shi ne a dubi wanda waƙar take nuna wa yatsa. Babu ɗango ɗaya da ya aibata sojan da ya mutu ko abokansa. Wanda ake tuhuma shi ne na zaune a gida, wanda bai taɓa jin warin guba ba, yana gaya wa yara masu ɗokin suna cewa mutuwar tana da daɗi. Kalmar daɗi ce Owen ya kasa haɗiyewa. Shi kansa bai gudu ba, ya koma fagen daga bayan ya rubuta waƙar, aka ba shi lambar yabo ta jarunta saboda abin da ya yi a watan Oktoba na 1918, sannan ya mutu yana jagorantar mutanensa wajen ƙetare wani mashigin ruwa. A ganina mutumin da ya tsaya a ƙofar garinsa ya san abin da zai tarar ya kuma zaɓa, daban yake da yaron da aka ruɗa da kalmomi masu zaƙi aka tura shi. Kuna iya saɓa mini a kan wannan, kuma a jarrabawa ba a hana ɗalibi ra'ayinsa, muddin ya kafa hujja da abin da ke cikin waƙar.

Kada kuma ku ɗauka yaƙin nasu ne can su kaɗai. A wannan yaƙi an kwashi sojoji da 'yan dako daga Arewa an kai su Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga baya aka kai su Gabashin Afirka, a yaƙi na biyu kuma aka kai su Boma.

Yaya zan tsara amsata a takarda?

Kowane sakin layi ya ɗauki dabara ɗaya: ka ambaci sunanta, ka kawo 'yan kalmomin da take ciki daidai yadda suke a waƙar, sannan ka kashe mafi yawan tawadarka wajen bayanin abin da ta sa mai karatu ya gani ko ya ji, da yadda hakan ya taimaki jigo. Dabara huɗu da aka feɗe sosai sun fi goma da aka jera. Tarihin marubucin kuwa layi biyu ya isa, sai fa in an tambaye shi musamman.

Wata malama daga makarantar da ke maƙwabtaka da mu ta tambaya: idan littafi ɗaya ne a hannu, ɗalibai kuma sun haura sittin, yaya za a koyar da ita?

Malama, ɗango 28 suna shiga allo ɗaya idan aka raba shi gida biyu. Nakan rubuta ta tun kafin a shigo aji, in bar fili mai faɗi sama da ƙasan baitin nan mai ɗango biyu domin ido ya ga kaɗaicinsa, in sa kowa ya kwafa da hannunsa da dukan waƙafi da alamar motsin rai. Daga nan sai in raba karatun bisa wakilin suna. Dukan aji su karanta baitin farko tare, a hankali, da muryar gajiya. Mutum ɗaya daga can baya ya ƙwala ihun gargaɗin ba tare da an sanar da sauran wanda zai yi ba. Ɗalibi ɗaya ya karanta wurin da aka koma ni. Baitin ƙarshe kuwa mai karantawa yakan fito gaban allo ya fuskanci 'yan'uwansa, ya yi ƙoƙarin kai jimlar ƙarshenta ba tare da ya tsaya inda babu waƙafi ba. Yawancinsu numfashi yakan ƙare musu tun kafin su kai ga abokina, sai in ce su riƙe wurin da ya ƙare, mu fara darasin tsari daga nan.